Mai Sharhi A Bakin Wuƙa: Nazarin Fim Ɗin "Chup"

A ranar 23 ga watan Satumba, 2022, aka saki wani fim na Indiya mai suna Chup: Revenge of the Artist, wanda R. Balki ya ba da umarninsa. Kalmar "chup" a harshen Hindi tana nufin "yi shiru", ko ma dai a ce "rufe mana baki", ragowar sunan kuwa yana nufin ramuwar gayyar mai fasaha. Labari ne na wani mutum a birnin Mumbai wanda ke bin masu sharhin fina-finai yana yi musu kisan ɗauki-ɗai-ɗai, in ya gama kuma ya sa wuƙa ya zana taurari a goshinsu, wato ya ba su maki kamar yadda su ma suke bai wa fina-finan mutane maki a jaridu. Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo fim ɗin Indiya cikin mujallar marubuta? Amsar ita ce, duk wanda ya taɓa miƙa rubutunsa ga wani ya duba, ya koma gefe gabansa na faɗuwa, to da shi ake magana a wannan fim. Haka nan duk wanda aka taɓa miƙa wa rubutu aka ce ya faɗi ra'ayinsa. Mu kuwa a wannan ƙungiya kowannenmu ya taɓa zama a kujerun nan biyu.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. An tsinci gawar wani sanannen mai sharhi an yi mata kaca-kaca, ba a jima ba aka tsinci ta biyu, sannan ta uku. Aka ɗora binciken a wuyan wani babban jami'in 'yan sanda, Arvind Mathur, wanda Sunny Deol ya fito a matsayinsa, daga baya ya nemi taimakon wata masaniyar halayyar masu laifi, Dakta Zenobia, wato Pooja Bhatt. A gefe guda kuma ga wani saurayi mai sanyin hali, Danny, mai shagon sayar da furanni a unguwar Bandra, wanda Dulquer Salmaan ya fito a matsayinsa. Wata 'yar jarida, Nila Menon (Shreya Dhanwanthary), wadda ke zaune da mahaifiyarta makauniya, kuma babban burinta a duniya ta zama mai sharhin fim, ta shiga shagon sayen fure, soyayya ta ƙullu. Ba a ɓoye wa mai kallo komai ba: tun da wuri za ka gane Danny ne makashin. Sunansa na yanka Sebastian Gomes, ya taɓa shirya fim guda ɗaya tak a kan tarihin ƙuruciyarsa, masu sharhi suka yi masa rugu-rugu, daga nan bai sake komawa daidai ba. Da abin ya ishi 'yan sanda sai suka ɗana tarko, suka sa Nila ta rubuta mummunan sharhi a kan wani fim da a zuciyarta ya burge ta, domin makashin ya biyo ta, ba su san shi ne saurayin da take buɗe wa ƙofa da hannunta ba.

Abin da ya fi komai armashi a fim ɗin, a ganina, shi ne yadda Danny yake zaɓar irin kisan da zai yi wa kowane mai sharhi. Ba da ka yake yi ba. Yakan karanta sharhin mutum tsaf, ya tsamo wata kwalliyar magana da mai sharhin ya yi, sa'an nan ya aikata masa ita a zahiri. Wanda ya kwatanta fim da jirgin ƙasan da ya kauce wa layi, a kan layin dogo aka tsinci gawarsa. Wanda ya rubuta cewa zuciyar fim tana wurin da ya dace amma sauran gaɓoɓin sun warwatse, haka aka warwatsa nasa gaɓoɓin. Abin akwai ƙyama, amma akwai basira a ƙarƙashinsa, kuma ba mamaki, domin ɗaya daga cikin mutum ukun da suka rubuta labarin, Raja Sen, shi kansa mai sharhin fim ne, ya san irin maganganun da abokan aikinsa ke jefarwa ba tare da sun auna nauyinsu ba. Abin da ake nuna mana shi ne, mai sharhin da ya lalace yakan daina kallon aikin da ke gabansa, ya koma neman jimlar da za ta sa a ce ya iya magana. Mu ma muna da namu irin waɗannan jimloli. Sau nawa muka karanta cewa littafi "ya yi tsalle ya dire", ko "marubucin ya ciri tuta", ko "an yi tuya an manta da albasa", ba tare da an nuna mana shafin da aka yi tsallen ba, balle a gaya mana wace albasa ce aka manta? Mu da muke maƙwabtaka da Aliero ai mun fi kowa sanin cewa albasa iri-iri ce. In mai sharhi ya ce an manta da ita, sai ya faɗi wacce, kuma a wane babi.

Wuri na biyu da fim ɗin ya yi zurfi shi ne bayan tsoro ya kama masu sharhin. Da suka ga ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sai suka yanke shawarar da kowane matsoraci zai yanke: kowane fim ya fito, a yabe shi, a cika shi da taurari. Suna zaton sun tsira. Ashe ba su fahimci mutumin ba, domin wanda ya yabi banzan fim ma bai tsira daga wuƙarsa ba. Danny bai ce kada a soki fim ba, abin da ba ya yafewa shi ne ƙarya, ko ta suka ce ko ta yabo. A nan ne na ga fim ɗin ya taɓo ciwon da ya fi damun mu a nan ƙasar Hausa. Ban san marubucin da mai sharhi ya kashe wa kasuwa a Jega ko Birnin Kabi ko Sakkwato ba, amma dukanmu mun halarci bikin ƙaddamar da littafi inda aka kira "mai bitar littafi" ya tashi ya yi minti talatin yana wasa marubucin da iyayensa da babban mai ƙaddamarwa, ya zauna bai ambaci sunan tauraron labarin ba, don kuwa bai karanta ba. A tafa, a tara kuɗi, a watse. Marubucin ya koma gida da kwalayen littafi da kurakuransa cif-cif, ya zauna ya rubuta na biyu da irin kurakuran na farko. Kunya da kara, waɗanda kyawawan ɗabi'u ne a zaman tare, su ne suka zama gubar sharhi a wurinmu. Su masu sharhin Mumbai a fim ɗin wuƙa suke tsoro, mu kuwa gaisuwar da za a daina yi mana a masallaci ko a wurin ɗaurin aure muke tsoro.

Sai batun yadda aka gina Danny, wanda nake roƙon matasan marubutanmu su kalla da idon ɗalibi. In ya je shan shayi, kofi biyu yake sa a zuba masa, alhali shi kaɗai ne. Yana tafe a kan kekensa yana magana, wata murya daga cikinsa tana ba shi amsa, suna gardama a kan komai, daga abin da za a ci har zuwa yarinyar da ta shigo shago. Ba wanda ya tsaya ya yi mana lacca cewa wannan mutum ya rabu biyu, kofunan nan biyu sun isar. Dulquer Salmaan, wanda ɗan shahararren jarumin nan ne Mammootty na fina-finan harshen Malayalam a kudancin Indiya, bai yi zare ido ko ƙyaƙyata dariyar mugunta irin ta "bos" da muka saba gani ba. Da fuskar da yake miƙa wa Nila fure, da ita yake tsayawa a kan wanda zai yanka, kuma wannan rashin sauyin shi ne abin tsoron. Ku gwada wannan da yadda muke gina mugu a yawancin littattafanmu: baƙi ne, gajere, mai jajayen idanu da ƙaton ciki, tun shafin farko an rataya masa allo a wuya an rubuta "mugu". Irin wannan ba ya tsorata kowa, don ba wanda zai ba shi 'yarsa ko ajiyar kuɗinsa. Mugun da ke hana barci shi ne wanda ka yarda da shi kafin ka san ko wane ne.

Ɓangaren 'yan sanda kuwa ba shi da wani abin a zo a gani. An sa Sunny Deol ya rage tsawa a farkon fim, abin har ya fara ba da sha'awa, amma da aka doshi ƙarshe sai aka sake shi ya koma gidan jiya. Dakta Zenobia kuma an kawo ta ne kawai ta riƙa fassara wa mai kallo abin da ya riga ya gani da idonsa. Binciken bai da sarƙaƙiyar da za ta sa ka yi zufa, tunda ka riga masu binciken sanin amsa da fiye da awa guda.

Inda na fara rabuwa da Balki sosai shi ne dalilin da ya bai wa Danny. Sai da aka kusa gamawa aka buɗe mana ƙuruciyarsa: uba azzalumi mai dukan uwa da ɗa, yaro ya tashi ba shi da mafaka sai silima, ya girma ya zuba duk wannan baƙin ciki a fim, masu sharhi suka yi masa dariya. Wannan hanya ta zama ruwan dare a irin waɗannan fina-finai tun daga Psycho na Alfred Hitchcock a 1960, har ta kai duk marubucin da ya rasa yadda zai bayyana mugunta sai ya jawo uba mashayi ko uwa mai tsanani ya ɗora musu. Matsalar ita ce wannan dalili yana rushe jigon da aka faro da shi. In dukan uba ne ya haukata Danny, to masu sharhi ba su da laifin komai, tsautsayi ne ya sa suka gitta ta gabansa, kuma duk maganganun da ya yi a kan gaskiya da ƙarya a sharhi sun zama sambatun mai taɓin hankali. In kuwa sharhin ne ya haukata shi, me ya kawo uban? Balki yana so mu ɗauki hujjar Danny da muhimmanci, yana kuma so ya wanke hannunsa ya ce ai mahaukaci ne. Ba a cin biyu. A nan Bature Gagare ya fi shi ƙarfin hali a Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982, domin ya bar Mailoma ya zaɓi ta'asarsa da hankalinsa, mataki bayan mataki, mai karatu yana biye da shi yana ganin yadda kowace ɓarna ke buɗe ƙofar wadda ta fi ta.

Amma babbar da'awar fim ɗin tana kan Guru Dutt ne, kuma dole a tsaya a kanta. Ga waɗanda ba su san shi ba, Guru Dutt darakta ne kuma jarumi, an haife shi a 1925, ya rasu a Bombay ranar 10 ga Oktoba, 1964, yana da shekara 39, bayan ya haɗa giya da ƙwayoyin barci. Shi ya yi Pyaasa a 1957, labarin wani mawaƙi da masu buga littattafai suka wulaƙanta yana raye, suka yi rububin waƙoƙinsa da suka zaci ya mutu. A 1959 ya yi Kaagaz Ke Phool, wato "furannin takarda", labarin wani darakta da ya faɗo daga ɗaukaka ya mutu a wulaƙance a cikin situdiyon da ya taɓa mulka. Shi ne fim na farko a Indiya da aka ɗauka da faffaɗan hoton nan na CinemaScope, kuma V. K. Murthy ne ya riƙe kyamara. Fim ɗin ya faɗi warwas a kasuwa, kuma Guru Dutt bai ƙara sa sunansa a matsayin darakta ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Yau kuwa ana lissafa shi cikin fina-finan da Indiya ke alfahari da su. Balki ya cika Chup da inuwar wannan mutum: tsofaffin waƙoƙin da S. D. Burman ya yi wa kiɗa su ne ke tashi a wuraren soyayya da wuraren kisa, an kwaikwayi irin hasken Murthy, kuma ba banza aka mai da makashin mai sayar da fure ba. Saƙon a fili yake, cewa masu sharhi ne suka rufe bakin Guru Dutt, Danny kuma yana rama masa.

Wannan karatu na tarihi ya yi sauƙi da yawa. Gaskiya ne masu sharhin lokacin ba su yi wa Kaagaz Ke Phool adalci ba, amma ba su ne suka tsaya a ƙofar silima suka kori jama'a ba. 'Yan kallo ne da kansu suka ƙi fim mai baƙin ciki irin wannan. Kuma mutumin bai yi shiru ba: a 1960 kamfaninsa ya fitar da Chaudhvin Ka Chand, wanda ya yi kasuwa ƙwarai, a 1962 kuma ya fitar da Sahib Bibi Aur Ghulam, wanda Abrar Alvi ya ba da umarni, shi kuma ya fito a ciki. Rayuwarsa ta gida da matarsa, mawaƙiya Geeta Dutt, ta riga ta dagule. Sa'an nan su wane ne suka tono Kaagaz Ke Phool daga kabari bayan shekaru? Masu sharhi da manazarta ne, na Indiya da na Turai, su suka yi ta rubutu a kansa har duniya ta waiwayo. Har mujallar Time ta Amurka ta sa Pyaasa cikin fitattun fina-finai 100 da ta zaɓa a 2005. Wato sana'ar da Danny ke yanka masu yin ta, ita ce ta kai shi ga sanin gwanin da yake bauta wa. Balki ya san da haka, shi ya sa ya kawo Amitabh Bachchan ya fito a matsayin kansa na ɗan lokaci yana cewa fasaha na buƙatar masu suka, amma minti biyu na nasiha ba za su goge awa biyu na wuƙa ba.

Mu ma muna da namu tarihin da za mu gwada wannan da'awa da shi. A 1994 Ibrahim Malumfashi ya yi rubutu a jaridar Nasiha ya kira littattafan soyayyar da ke fitowa a lokacin "Adabin Kasuwar Kano", yana kwatanta su da na kasuwar Onica, kuma ba da nufin yabo ya raɗa sunan ba. Aka yi shekaru ana tafka muhawara, musamman a shafin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme ke kula da shi, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. A 2000 Malumfashi har jana'izar wannan adabi ya yi a mujallar Garkuwa. Suka ce mai zafi, babu shakka ta ƙona wa mutane da yawa rai. To, wa ta kashe? In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, bai daina shiga hannun masu karatu ba. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfani mai suna Blaft ya buga shi a 2012, a ina? A birnin Chennai na ƙasar Indiya. Zan ma iya cewa wannan muhawara ce ta ja hankalin jami'o'i zuwa ga littattafan da a da ake jin kunyar a gan ka da su, ta kuma tilasta wa wasu marubutan suka gyara ƙa'idojin rubutunsu. Abin da ya zo kusa da rufe bakin marubuta ba daga alƙalamin mai sharhi ya fito ba. A 2007 ne aka tara littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga bisani hukumar tace fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Mai sharhi komai zafinsa sai ya karanta littafinka kafin ya zage shi. Mai ashana ba ya buƙatar buɗe shafin farko. Ni da nake aikin koyarwa na san yadda malamai ke ƙwace irin waɗannan littattafai daga ƙarƙashin benci, kuma na san ba kowane malami ne ke duba abin da ya ƙwace ba.

Akwai kuma tambayar da fim ɗin ya tayar bai amsa ba, ita ce ta ƙawata kisa. Tunanin cewa ana iya kallon kisan kai a matsayin fasaha tsoho ne a adabin Turai. Tun a 1827 Thomas De Quincey na Ingila ya rubuta maƙala a kan haka, amma shi gatse yake yi. A 1973 an yi Theatre of Blood a Ingila, inda Vincent Price ya fito a matsayin ɗan wasan daɓe da ke kashe masu sharhin da suka hana shi lambar yabo, kowanne da irin mutuwar da ke cikin wani wasan Shakespeare. Duk wanda ya ga wannan zai gane Balki ba shi ya fara haƙa rijiyar ba, sai dai wancan fim ɗin raha ce baƙa, ba ya neman ka tausaya wa kowa. A 2018 Lars von Trier na ƙasar Denmak ya yi The House That Jack Built, inda makashin ke ɗaukar gawarwakin da ya tara a matsayin aikin fasaha, amma an bar shi da ƙazantarsa, ba a shafa masa turare ba. Chup ya bi wata hanya dabam, wadda a ganina ta fi haɗari. An ɗauki kyakkyawan saurayi, an kewaye shi da furanni da ruwan sama da waƙoƙin da suka fi kowaɗanne daɗi a tarihin silimar Indiya, waɗanda ake kashewa kuwa ba a ba mu damar sanin ko ɗaya daga cikinsu ba, ba mu san 'ya'yansu ba, ba mu ga wanda ya yi kukan rashinsu da gaske ba. Sakamakon haka mai kallo yakan wayi gari yana jiran ya ga wace dabara za a yi a kisa na gaba, kamar mai jiran baiti na gaba a waƙa.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinmu mutanen wannan yanki. Marigayi Alhaji Muhammadu Gambo, wato Gambu mai waƙar ɓarayi, ɗan Fagada ne a ƙasar Maiyama, nan kusa da mu. Ya yi shekaru yana wasa ɓarayi da kiɗa, yana kiran sunayensu da wuraren da suka yi aika-aika, kafin daga baya ya tuba ya bari. Ba mai musun cewa gwani ne na harshe, har manazarta irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi rubutu a kan waƙoƙinsa. Dattawanmu sun daɗe suna gardama a kansa: wasu na cewa zuga ɓarayi yake yi, wasu na cewa tona musu asiri yake yi, yana nuna wa jama'a duniyar da ba su sani ba. Abin da na lura da shi shi ne, a waƙar Gambu sata ba ta zuwa ita kaɗai, tana tafe da dukan kasuwa da gidan yari da mummunan ƙarshe, kuma ɓarawon yana nan a ɓarawonsa, ba a ce yana yi don gyaran duniya ba. Danny kuwa an ba shi wuƙa, an ba shi kyau, sannan an ɗora masa rawanin mai kare gaskiya. Wannan rawani shi ne abin da ban yarda da shi ba, musamman da yake irin waɗannan fina-finai ba a silima mai ƙofa da mai gadi yaranmu suke ganin su ba, a shagunan masu tura fim a waya suke karɓo su da 'yan canjin da ke aljihunsu.

Duk da haka ba zan ce kada a kalla ba, ga wanda ya mallaki hankalinsa kuma jini ba ya tayar masa da zuciya. Mutum ɗaya a fim ɗin da ta cancanci a sake komawa dominta ita ce Nila. Ita kaɗai ce mai sharhin da aka nuna tana son fim don Allah, tana shiga silima da fatan abin ya yi kyau, kuma sharhin da ya jefa ta a hannun makashi shi ne guda ɗaya da ta rubuta saɓanin abin da ke zuciyarta, bisa umarnin hukuma. A nan marubutan labarin sun ɗaure igiyarsu tamau, domin laifin da Danny ke kashe mutane a kansa shi ne 'yan sanda suka sa ta aikata don su kama shi, shi kuma ya san ƙarya ta yi saboda ya san ta fiye da yadda suka san ta. Da Balki ya yarda da wannan ƙulli ya bar su su biyu su warware shi a situdiyon nan, ba tare da ya jawo uba azzalumi da tsalle-tsallen Sunny Deol ba, da rabin awar ƙarshe ta yi daidai da awar farko.